Marin da Ya Kashe Harshen Inna

Inna ta fi shekara ashirin tana sayar da tuwo a tashar Gazawa kafin abin ya same ta. Rumfarta ta zana ce, a gefen da motocin Maradi ke lodi, da tukwane uku a kan murhu da benci biyu da direbobi suka goge da zama har suna sheƙi. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Da na fara koyarwa a lakol ɗin Cadawa sai ta samu mafita, ta koma ce mini mai lakol, kuma ko shi ɗin ba ta faɗarsa tana kallona.

Abin da aka san ta da shi harshe ne. Ba na magana ba, na ɗanɗano. Direbobi kan kawo mata daddawa a ƙulle cikin leda don su gwada ta, ta gutsiri ɗan kaɗan ta aza a kan harshe, ta ce wannan ta wajen Tasawa ce, ko ta ce wannan an gaggauta ta, kalwar ba ta kwana uku a rufe ba. Tana bambance miyar da aka yi da ruwan rijiya da wadda aka yi da ruwan famfo. Ban taɓa ganin ta auna gishiri ba. Takan tsoma ludayi, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, shi ke nan.

Lokacin ne sojoji suka sassauta, aka yi babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu suka tsiro ta ko'ina. Kowace rumfa da rediyonta. Mutanen da suka girma ba su taɓa ɗaga murya gaban hukuma ba sai ga su suna gardama a tasha tun daga hantsi har la'asar. Ana ta raba zannuwa masu launin jam'iyya, kuma Inna, da yake kowa na cin tuwonta, ta samu daga ɓangarori biyu. Ɗaya ta riƙa rufe kwanon tuwo da shi. Ɗayan ta ɗaura a yammacin rumfa yana kare mata rana.

Akwai wani ɗan kamasho a tashar, asalinsa daga wajen Gidan Rumji. Ya zo Gazawa shekarun baya da riga ɗaya, kuma a bencin Inna ya fara sanin mutane. Inna yake ce mata kamar yadda muke cewa. Da siyasa ta zo sai ɗaya daga cikin jam'iyyun ta naɗa shi shugaban matasanta na gari, aka ba shi hula da babur, tafiyarsa ma ta canza.

Ba na nan ranar. Ƙanwata, wadda ke taya Inna aiki a rumfa, ita ta ba ni labari, kuma na sa ta maimaita shi sau da yawa har ta gaji. Ranar kasuwa ce, manyan jam'iyyarsu za su zo daga Maradi. Ya tsaya bakin rumfa ya nuna zanen da ke kare rana, wanda na abokan hamayyarsu ne.

"Inna, a cire wannan yau."

"Rana nake karewa da shi," in ji ta, tana kwashe tuwo. "In kana da wanda ya fi shi faɗi ka kawo in ɗaura."

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Ƙanwata ta ce dariyar ce ta jawo abin. Ya sake cewa a cire, Inna ta ce ya bari ta sallami masu jira. Sai ya shigo cikin rumfar ya ɗauke ta da mari a kunnen hagu. Ta dafa ginshiƙi, ludayi ya faɗi cikin toka. Da ta cire hannu daga kunnen akwai jini a yatsunta.

Kafin labari ya iske ni a Cadawa an riga an gama magana. Dattawa sun je wurin Kawu, yayan Inna, wanda shi ne babba a kanmu tun rasuwar mahaifinmu. Suka ce lokaci ne mai wuya, kada a bari marin mutum ɗaya ya zama faɗan jam'iyyu, gari ya kama da wuta. Kawu ya karɓi haƙuri a madadinta. Ba a je wurin jandarma ba. Manyan ɗan kamashon suka tura shi garinsu ya zauna har ƙura ta lafa. Da na ce wa Kawu ban yarda ba, sai ya ce da ni, "Kai yaro ne, kuma ma'aikacin gwamnati ne. Ka kama bakinka."

Kunnen ya yi ruwa. Ya yi ta zubar da mugunya wajen wata guda, da zazzaɓi, kafin allurai su tsayar da shi. Muka ɗauka an wuce wurin, sai dai jin da ya ragu.

Wata Asabar na zo gida, Inna ta zubo mini tuwo da miyar kuka da hannunta. Loma ta farko na ji gishiri ya kama mini maƙogwaro. Na ci gaba da ci. Tana zaune nesa kaɗan tana tsince wake, amma na san ni take kallo ta gefen ido.

"Yaya miyar?" ta tambayi ƙanwata, alhali ni ke ci.

"Da daɗi, Inna," na amsa.

"Mai lakol ya koyi ƙarya."

Ta ajiye faifan waken. Ranar ce ta fara faɗa mana abin da ta ɓoye. Ta ce tun da kunnen ya yi ruwa kamar an shimfiɗa mata fata a kan harshe. Tana jin abinci a baki, tana jin zafinsa da laushinsa, amma zaƙi da gishiri sun tafi. Abin da ya rage wani ɗanɗano ne na ƙarfe, kamar ta kwana da tsohon cokali a baki. Sai ta haɗiye sannan take jin wani abu can baya, kaɗan, a makare.

Direbobi mutanen kirki ne, ba wanda ya ce mata komai. Sun dai fara barin miya a kwano. Daga baya wasu suka koma rumfar da ke kallon tata. Inna ba ta jira a gaya mata ba, ta miƙa wa ƙanwata ludayi, ita ta koma gefe tana yanka kuɓewa da wanke kwanoni. Matar da tun daga Agiye matafiya ke cewa a bar ciki da yunwa sai an kai Gazawa a ci tuwonta.

Na kai ta Agiye wurin wani tsohon majo, shugaban masu jinya a ɗakin shan magani, wanda ya yi karatunsa tun zamanin da likitoci Turawa ne. Ya haska kunnuwan biyu. Ya sa aka kawo ruwan gishiri da na sukari da na tsamiya, ya riƙa ɗiga mata a wurare daban-daban na harshe da tsinken auduga, yana cewa kada ta mayar da harshen baki sai ta faɗi abin da ta ji. A gaba, hagu, ba komai. A gaba, dama, ta yi jim ta ce kamar tsami, alhali gishiri ne. Can baya kusa da maƙogwaro ta gane duka, ko da yake da ƙyar. Ya tambaye ta ko kunnen dama ya taɓa ciwo. Ta ce tun tana yarinya yakan yi ruwa duk damina, har ta yi aure.

Da ta fita waje zama sai ya ja takarda ya ce in matso, tunda ni malami ne zan gane. Ya zana harshe. Ya ce 'yan tudun nan da ake gani a kansa ba su ne ke ɗanɗano ba, gidaje ne kawai. A jikinsu akwai wasu abubuwa ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita, kowane siffarsa kamar kan albasa. Ya zana ɗaya babba. A cikinsa ƙwayoyin halitta ne dogaye, gommai, a tsaye sun jingina da juna kamar ɓawon albasar, kawunansu sun haɗu a wani ɗan rami a sama, suna leƙo 'yan gashi cikin yawu. Duk abin da ya narke a yawu ya shiga ramin nan, su ke taɓa shi. A gindinsu kuma zaren jijiya ne ya shigo ya rarrabu, shi ke ɗaukar labari ya kai ƙwaƙwalwa.

"Waɗannan ƙwayoyin ba sa daɗewa," in ji shi. "Kwana goma, sati biyu, sun mutu, wasu ƙanana da ke gindi su girma su maye gurbinsu. Shi ya sa in shayi ya ƙone maka harshe kake warkewa. Amma sai jijiyar tana da rai. In ta mutu, albasar duka takan bushe."

Ya ce jijiyoyin ɗanɗano uku ne a kowane gefe. Ɗaya tana kula da bayan harshe, ɗaya da can cikin maƙogwaro. Ta ukun, mai kula da gaban harshe, wato mafi yawansa, ita ce mai baƙar hanya. Ya ja layi daga harshen ya hau sama ya shiga kunne. Ta cikin kunne take bi, in ji shi, a bayan dodon kunne, siririya kamar zaren ɗinki, a tsakanin wasu ƙasusuwa biyu ƙanana, ba abin da ya rufe ta sosai. Ta dama ta Inna ciwon ƙuruciya ya riga ya cinye ta tuntuni ba ta sani ba. Duk shekarun nan da ta hagu kaɗai take aiki. Marin ya fasa dodon kunne, mugunya ta shiga ta ƙarasa.

Na tambaye shi me ya sa har yanzu take jin barkono. Ya ce yaji ba ɗanɗano ba ne, zafi ne, wata jijiyar ce daban ke ɗaukarsa, kuma ƙanshi na hanci ne. Na tambaya ko za ta dawo. Ya ce wani lokaci jijiya kan sake tsiro, a hankali, wani lokaci kuma a'a. Ya ara mini wani tsohon littafi na Faransanci mai zane-zane.

A mota muna komawa na karanta wa Inna cewa littafin ya ce ɗanɗano iri huɗu ne: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci. Ta ce daddawa fa, a wanne take? Na ce ba a rubuta ba. Ta ce to wanda ya rubuta littafin bai gama cin abinci ba. Wannan ce dariyar ƙarshe da na yi a watannin nan.

Majo ya ba ni littafin don in fahimci ciwon mahaifiyata. Ni kuwa na karanta shi don wani abu daban. Na kwafe zanen kunnen sau da yawa a bayan takardun 'yan lakol har na iya zana shi ido rufe. Na san inda zaren ya shiga da inda ya fita. Ba na son in kashe mutumin, ba na son in karya masa hannu. Abin da ya ɗauka nake so in ɗauka, daidai wa daida. Ina so ya sa nama a baki ya ji tsumma. Majo ya gaya mini cewa mari shi kaɗai da wuya ya tsinke jijiyar, mugunya ce ta yi aikin, kuma mai lafiyayyen kunne ɗaya ba ya rasa ɗanɗano duka. Na ji wannan sarai, na ajiye shi gefe.

Wata ranar kasuwar Cadawa na sayi kan rago wurin mahauta. Na zauna bayan ɗakina da wuƙa da 'yar guduma na fasa ƙashin kunnen a hankali. Na ga fatar dodon kunne, na ga ƙananan ƙasusuwan, na ga wani fari-farin abu siriri da ya tsinke da na taɓa shi da tsinke. Har yau ban tabbata shi ne zaren ba. A lokacin na tabbata. Daga nan na ɗaure busasshiyar fata a bakin ƙwarya kamar ganga, ina koyon yadda zan lanƙwasa tafi in buga. Matar maƙwabcina ta leƙo ta katanga ta tambaya ko malam ya fara koyon kiɗa ne. Na ce eh.

A aji ma abin ya bi ni. Na koyar da darasin gaɓoɓin jiki, na tsaya a kan harshe kwana uku, darasin da ya kamata ya ƙare cikin rabin awa. Abinci ya daina yi mini daɗi, ba don wata jijiya ba. Duk lomar da na ji gishirinta ya yi daidai sai in tuna Inna na can tana tauna abin da ba ta ji, shi kuma yana can yana lashe yatsa.

Da aka ba da hutu na hau mota zuwa Maradi, daga can na shiga ta Gidan Rumji. Ban gaya wa kowa ba. Na isa da hantsi ranar kasuwa, ban sha wahalar nemansa ba, kowa ya san shi. Yana zaune a inuwar wata bishiya kusa da masu fura, cikin abokansa, da hularsa ta jam'iyya. Ƙwaryar fura ce a gabansa, da nono, yana zuba sukari yana juyawa. Ya kurɓa, ya tsotsi leɓe, ya ƙara sukari. Na tsaya ina kallonsa har ya sha rabi.

Da ya ɗago ya gan ni ya gane ni. Ya miƙe, ya goge hannu a riga ya miƙo mini.

"Malam, kai ne? Sannu da zuwa. Ina Inna?"

Na yi abin da na yi wata biyu ina koyo. Amma ƙwarya ba ta motsi, mutum kuwa yana motsi. Ya kauce, tafina ya sauka a ƙashin kumatunsa, yatsuna kawai suka taɓa saman kunnen. Hularsa ta faɗi cikin fura. Ban samu na biyu ba. Abokansa suka rufe ni, na ji ƙasa a bakina, wani yana cewa, "Wanga mi ya kawo shi? Mi anka yi mai?" Shi da kansa ya janye su daga kaina, kuma wannan ya fi dukan yi mini ciwo.

Kwana biyu na yi wurin jandarma. Da shugabansu ya tambaye ni dalili sai na ɗauki alƙalaminsa na fara zana masa kunne da jijiya. Ya kalle ni kamar wanda ya zare, ya karɓe alƙalamin. Diraktan lakol ɗinmu ne ya zo ya fitar da ni. Ɗan kamashon ya ce ba zai kai ƙara ba, ya yafe. Ba abin da ya samu kunnensa. Daga buro, wato ofishin ilimi, aka aiko takarda cewa in an dawo daga hutu an mayar da ni wani ƙauye can arewa da Agiye, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa.

Na shiga gida a Gazawa da kumburarren ido. Inna na tsakar gida tana jajjage. Ba ta ɗago ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta bar ni a durƙushe har ta gama.

"Wa ya aike ka?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Kunnena ne, harshena ne. Kawunka ya karɓi haƙuri ban sa shi ba, kai ka je ka yi dambe ban sa ka ba. Yanzu ka ba shi abin da zai ce an rama, har shi ne mai yafewa." Ta kwashe jajjagen a kwano. "Tashi ka wanke fuskarka."

Sai ranar na gane ba haƙura ta yi ba. Jira take.

Zaɓe ya matso. A tashar Gazawa kuwa wani abu ya daɗe yana faruwa wanda mu maza ba mu lura da shi ba. Mai ƙosai, mai fura, mai kunu, masu dafa wake da shinkafa, duk sun daina zuwa taron jam'iyyar ɗan kamashon. In aka nemi su yi girkin taro sai kowace ta ce ba ta da lafiya. In motarsu mai lasifika ta ratsa tasha, matan sai su ajiye abin da ke hannunsu, kowace ta dafe kunnen hagu har motar ta wuce. Ba wadda ta ce uffan. Abin ya bazu zuwa unguwanni, har 'yan mata masu talla suka ɗauka. Manyan jam'iyyar suka ga mata za su kayar da su a garin.

Suka dawo wurin Kawu, wannan karon suka ce za su kawo mutumin da kansa ya durƙusa. Kawu ya zo ya faɗa wa Inna, yana ta kewaye-kewaye. Ta saurare shi har ya gama.

"Yaya, ka gaya musu ba sai ya durƙusa ba. Ya zo rumfa ranar kasuwa da azahar, ya zauna inda ya saba zama, in zuba masa tuwo ya ci. Ya cinye. Shi ke nan abin da nake so."

Kawu ya ji daɗi, ya ce wannan ai karamci ne. Manyan ma suka ji daɗi.

Ranar, tun da safe Inna ta karɓi ludayi daga hannun ƙanwata, karo na farko cikin watanni. Tukwane biyu ta bar mata na masu saye. Ƙaramar tukunya ɗaya ta ja gefe ta ce wannan tata ce, kada wanda ya taɓa. Ina zaune a bayan rumfa ina kallo. Kuka ce mai kyau, da daddawa, da nama, da man shanu. Ta zuba gishiri ta ɗiga a tafi ta lasa, ta girgiza kai, ta ƙara. Ta lasa, ta ƙara. Ƙanwata ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta kalle ta, ta rufe. Haka ta yi ta yi, da gishiri da kanwa, tana lasa tana jira, har sai da na ga ta haɗiye ta tsaya, ta gyaɗa kai. Ta ji shi. Sannan ta sauke.

Da azahar suka iso, shi da dattawa huɗu da Kawu. Tasha ta cika, matan duk sun bar rumfunansu sun tsaya. Ya cire takalmi, ya gaishe ta da Inna, ta amsa kamar yadda take amsa wa kowa. Ya zauna a benci. Ta zuba tuwo malmala uku a babban kwano, ta kwarara miya har ta rufe shi, ta ajiye a gabansa da ruwan wanke hannu.

Ya yi bisimilla ya kai loma ta farko. Na ga maƙogwaronsa ya tsaya. Ya ɗago ya kalle ta.

"Ban sa komai ba sai abin miya," in ji Inna, da murya yadda kowa zai ji. "Na ɗanɗana da harshen da ka bar mini, ya ce mini ta yi daidai. Ci."

Wani dattijo ya miƙa hannu ya laso miyar da yatsa, ya juya baya ya tofar. Ɗan kamashon ya kalli manyansa, manyansa suka kalli matan da ke tsaye. Ya kai loma ta biyu.

Ya daɗe yana ci. Idanunsa suka yi ja suna zubar da ruwa, gumi ya jiƙa masa riga. Sau biyu ya tsaya ya dafe baki. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi magana, sai ƙarar injin wata mota da aka manta ba a kashe ba. Inna ta zauna a kujerarta 'yar tsugune daf da shi, hannu a gwiwa, tana bin kowace loma da ido daga kwano har baki. Ni ma haka. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin sanyi a zuciyata irin na wannan azahar ba.

Da ya kai ƙarshe ya ture kwanon. Inna ta leƙa ta ce akwai saura a gefe. Ya sa yatsa ya suɗe. Sannan ya ce, murya a shaƙe, "Inna, kin yafe mini?"

"Na ga ka cinye," in ji ta. Ta ɗauki kwanon ta miƙa wa ƙanwata.

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi sauri ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa, suka ce alhamdu lillahi an daidaita. Shi kuwa ya tashi ya zagaya bayan wata babbar mota, muna jin amansa daga rumfa. Kawu bai yi wa Inna magana ba har sati biyu.

Ranar zaɓe ta yi wanka ta sa farin mayafi ta je ta bi layi tare da sauran matan tasha. Ba ta gaya wa kowa wanda ta zaɓa ba, ni ma ban tambaya ba. Ɗan kamashon bai sake zama a Gazawa ba. An ce a can garinsu ma labarin ya riga shi isa, in ya zauna cin abinci cikin mutane sai wani ya tambaye shi ko a ƙaro gishiri.

Na tafi ƙauyen da aka tura ni na yi shekara huɗu. A damina ta biyu ƙanwata ta aiko mini da wasiƙa cewa Inna ta sha kunun tsamiya ta ce ta ji tsami a gefen hagu, wuri ɗan kaɗan kamar faɗin farce. Daga baya gishiri ya ɗan dawo a wurin. Zaƙi bai dawo ba har ta rasu. Ba ta koma kan tukwanen rumfa ba, ƙanwata ce ta riƙe su, kuma tuwonta ba laifi, amma direbobin da suka san na da sun san bambanci.

Shekaru bayan haka na haɗu da mutumin a tashar Maradi. Ya tsufa, ya rame, yana riƙe da buhu a kafaɗa. Ya gane ni, ya sauke buhun ya ce ya ji rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta. Na ce amin, don addu'a ce kuma tata ce. Ya miƙo hannu. Na gyara jakata zuwa wancan hannun na wuce wurin motar Agiye, wadda saura mutum biyu ta cika.